A Mayar Wa Tsofaffi Da Turkensu

Jawabi ga jama'ar ƙasar Birnin Gwari a kan amfanin kiwo ga lafiyar tsofaffi

  

Maganar yau a kan tsofaffi ce, da dabbobin da suke kiwo a cikin gida, irin su akuya da tunkiya da kaza da tantabara da kyanwa. Wani zai ce, me ya haɗa akuya da lafiyar mutum? Lafiya ai sai asibiti. To, a yi haƙuri a saurara har ƙarshe. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, maganar tasa ce. Wanda ba shi da su kuwa, in Allah ya ja kwana shi ma zai tsufa.

ASARAR DA BA A ƘIDAYA BA

Duk wanda ke nan ya san dajin Kamuku. Tun 1936 aka keɓe shi. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. A gefen wannan daji kakanni suka yi noma, suka yi kiwo. A da, daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, daga Randagi zuwa Kakangi, da wuya mutum ya shiga gida bai ji kukan dabba ba.

Sai ɓarayin shanu suka shiga dajin. Abin ya fara da satar shanu, ya koma satar mutane da ƙona garuruwa. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kai, aka tura sojoji, aka ƙwato shanu masu yawa. Duk da haka fitinar ba ta mutu ba. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a Gwaska. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙaramar hukumar nan. Kara, babbar kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, ta yi wajen shekara 10 a rufe. Sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe ta, bayan sulhun da aka yi.

An yi lissafin rayukan da aka rasa, Allah ya ji ƙansu. An yi lissafin shanun da aka kora. Amma akwai wata asara da ba ta shiga lissafin kowa ba. Ita ce ta tsofaffin da suka tsira da rayukansu, suka rasa dabbobinsu, suka zauna wuri ɗaya, jiki ya yi ta mutuwa a hankali. Ba harsashi ya same su ba. Zama ne ya ci su.

LABARIN WATA TSOHUWA

Ga misali. Ba sai an kama suna ba, domin irin wannan tsohuwa tana nan a kusan kowace unguwa.

A ƙauyensu na gefen daji tana da awaki 6 da kaji. Da ta idar da sallar asuba sai ta nufi turke. Ta duba kowace akuya, ta ga wadda ta ci da wadda ba ta ci ba. Ta share wurin, ta tara kashin a gefe domin taki. Ta buɗe akurki, ta watsa wa kaji tsaba. In an yi surfe, ta bi matan gida ta karɓi dusa da ƙasari. Da hantsi ta ɗauki lauje ta fita bayan gida yankan ciyawa. A hanya ta gaisa da wannan, ta tsaya hira da waccan. Da yamma ta ƙirga kajinta su shiga akurki. Kafin a yi isha'i barci ya ɗauke ta.

Ranar da aka shigo garin, an kore awakin duka. Ɗanta ya ɗauko ta a babur ya kawo ta cikin gari, gidan haya. Ya ba ta ɗaki da tabarma da abinci sau 3. Surukarta mace ce mai kirki. In tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, sai ta karɓe ta ce, "Inna, ki zauna ki huta, ai kin yi naki."

Tsohuwa ta zauna. Wata 1, wata 2, wata 6. Ƙafa ta fara nauyi, gwiwa ta riƙe. In za ta tashi sai ta dafa bango. Da dare ba barci, sai juyi da tunanin gida. Tuwo kuwa loma 2 ta ture kwano. Magana ta ragu, har jikoki suka daina shiga ɗakinta. Aka yi ta sayen magani a kemis, aka yi ƙarin ruwa, abin bai sake ba.

Wata ranar kasuwa ɗan ya dawo da 'yar akuya ja, ramammiya. Ya ɗaure ta a tsakar gida, ya leƙa ɗakin ya durƙusa ya ce, "Inna, ga wata 'yar akuya na samo da araha. Ni ba na zama, ita kuma mai ɗakina ba ta iya kiwo ba. Ko za ki taimaka ki riƙa duba mana ita?"

Tsohuwa ta leƙo ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Kai yaron nan, wa ya koya maka ɗaurin akuya haka? Ai sai ta shaƙe. Kuma wannan tsutsar ciki ce da ita. Miƙo mini sandata."

Daga ranar nan ta sami abin tashi da safe. Ta fara zagaya maƙwabta neman dusa, ta san matan unguwa, su ma suka san ta. Jikoki suka dawo, domin su ne 'yan aiken ɗebo harawa. Ciwon gwiwa bai tafi duka ba, kuma ba ta daina shan maganin hawan jininta ba. Amma tana cin abinci, tana barci, tana faɗa in an yi ba daidai ba. Duk wanda ya zauna da tsohuwa ya san cewa in ta dawo da faɗa, to sauƙi ya samu.

A lura da dabarar ɗan nan. Bai ce ya kawo mata abin ɗebe kewa ba. Taimakonta ya roƙa. Abin da tsoho ya fi so ke nan, ya ga har yanzu ana bukatarsa.

KIWO MOTSA JIKI NE

Jikin mutum kamar ƙofar ƙarfe yake. In an daɗe ba a buɗe ta ba sai ta yi tsatsa. Tsohon da ya daina motsi, naman jikinsa yakan zube, ƙashinsa ya yi rauni, ƙafarsa ta daina ɗaukarsa. Daga nan sai yawan faɗuwa. Faɗuwa kuwa babban haɗari ce ga tsoho, domin in ƙugu ya karye da wuya ya koma daidai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa wanda ya kai shekara 65 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato kamar minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Motsa jiki yana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon suga. Yana sa cin abinci, yana kawo barci.

To amma wa zai ce wa dattijo mai shekara 70 ya fita guje-guje kamar ɗan makaranta? Ba zai yi ba, kuma yana da gaskiya. Amma in akwai tunkiya a turke, da kansa zai tashi. Zai sunkuya, zai miƙe, zai ɗauki bokitin ruwa, zai taka zuwa bayan gida. Dabba ba ta san ranar hutu ba. Ko ana sanyi ko ana ruwa sai ta yi kuka an ba ta abinci. Ta haka mai ita yake samun motsin da likita ke so, ba tare da ya ji an sa shi dole ba.

MAGANIN KAƊAICI

Mutum yana iya zama cikin gida cike da jama'a, amma yana cikin kaɗaici. Samari sun tafi gona ko wurin haƙar zinariya. Wasu sun tafi Kaduna ko Abuja ci-rani. Yara suna makaranta. Sa'o'in tsoho sun rasu, ko gudun hijira ya raba su. Ba wanda zai yi hirar da da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan tsoho 1 cikin 4 a duniya yana zaune ne a ware, ba ya cuɗanya da mutane sosai. Likitoci sun gano cewa irin wannan zama yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa. Ga mutanen ƙasar nan kuma akwai ƙarin nauyi. Da yawa sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. In mutum ya zauna shiru ba aikin yi, abin nan ne zai yi ta dawo masa a zuciya.

Dabba tana rage wannan ta hanya 2. Ta farko, ita kanta abokiyar zama ce. Akuya ta san muryar mai ita. Kaji suna rugowa in sun ji takunsa. Kyanwa takan zo ta kwanta a gefen tabarma. Tsohuwar da ke yi wa akuyarta faɗa ba taɓuwa ta yi ba, hira take yi. Masu karatu sun san cewa sahabin nan Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne saboda 'yar kyanwar da yake tare da ita. Sabo da dabba ba abin kunya ba ne.

Ta biyu, dabba tana fitar da mutum cikin mutane. Mai kiwo dole ya nemi dusa a maƙwabta. Dole ya nemi aron bunsuru. Dole ya je kasuwa ya ji yadda ake ciniki. In akuyar wani ta kasa haihuwa, tsohuwar da ta san kiwo za a kira. Zumunci a ƙafa yake, kuma kiwo yana sa ƙafa ta taka.

ABINCI DA KUƊIN HANNU

Tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki, domin ya riƙe ƙarfinsa. Amma haƙora sun zube, nama ya gagara tauna, kuma ga tsada. Ƙwai yana maye wannan gurbi. Yana da laushi, yana da sauƙin dafawa. Nonon akuya ma haka, in an tafasa shi. Kuskuren da ake yi shi ne a sayar da ƙwan duka, mai kajin bai ɗanɗana ko ɗaya ba. A riƙa ware wa tsoho nasa.

Kashin awaki da na kaji taki ne mai kyau. In an zuba shi a ɗan fili a bayan ɗaki, za a sami zogale da rama da alayyafo da kuɓewa na miya.

Sai maganar kuɗi. Akuya tana haihuwa bayan wata 5 da ɗaukar ciki. Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, takan haifi tagwaye sau da yawa. Kaza tana ƙyanƙyasa cikin kwana 21. Tantabara ba ta kai kwana 20 ba. Wanda ya fara da kaɗan, in Allah ya kiyaye, cikin shekara 2 zai ga turke ya cika.

Ba wai tsoho zai yi arziki da wannan ba ne. Amma zai sayi goronsa da sabulunsa da maganinsa bai roƙi kowa ba. In an yi haihuwa a dangi, tsohuwa za ta kama kaza ta kai barka. In jika zai koma makaranta, kaka zai sa hannu a aljihu. Mutumin da ya shekara 50 yana ciyar da gida, yana jin ciwo ƙwarai in ya koma sai an ba shi. Wannan ciwo ba a ganinsa a asibiti, amma yana karya mutum.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

Wannan magana ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. Likitocin wasu ƙasashe sun daɗe suna bincike a kanta.

A 1980 wata mai bincike a Amurka, Erika Friedmann, da abokan aikinta suka ba da sakamakon wani bincike. Sun bi mutum 92 da aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda ciwon zuciya. Bayan shekara 1 suka duba. Cikin mutum 53 masu dabba a gida, 3 ne suka rasu. Cikin mutum 39 marasa dabba, 11 suka rasu.

A can Amurka akwai gidajen da ake tara tsofaffi ana kula da su. A 1991 wani likita mai suna Bill Thomas ya kama aiki a ɗaya daga cikinsu. Ya tarar akwai abinci, akwai magani, akwai tsabta, amma tsofaffin suna zaune jugum kamar masu zaman makoki. Sai ya kawo karnuka 2 da kyanwoyi 4 da ƙananan tsuntsaye 100, ya raba musu su kula da su. Waɗanda suka daina magana suka fara ba da labarin tsuntsayensu. Wasu da ba sa fita suka fara fita. Yawan magungunan da ake rubuta musu ya ragu.

A garin Gateshead na Ingila ma an yi wani shiri na ba tsofaffi kaji su yi kiwo, domin rage musu kaɗaici. Abin da Turawa suka kashe kuɗi suka shirya, shi ne abin da kowace tsohuwa a Tabanni ko Kutemeshi ta gada daga uwarta.

Sai dai a faɗi gaskiya. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta duba bincike iri-iri. Ta ce da alama zama da dabba, musamman kare da ake fita yawo da shi, yana rage haɗarin ciwon zuciya. Amma ba ta ce dabba magani ce ba. Saboda haka mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa. Mai ciwon suga ya ci gaba da zuwa awo. Kiwo taimako ne, ba ya maye gurbin asibiti.

WACE DABBA TA DACE?

A duba ƙarfin mutum kafin a ba shi kiwo. In kiwo ya fi ƙarfinsa, ya zama wahala.

Dattijon da ke da sauran ƙarfi zai iya riƙe tunkiya 1 ko 2, ko ragon turka da za a sayar da Babbar Salla. Tsohuwar da ke iya zagaya gida, akuya 1 ko 2 sun ishe ta. Wanda ƙafa ta yi wa nauyi, a ba shi kaji ko tantabaru. Yana zaune a ƙofar ɗaki zai watsa musu tsaba. Wanda ido ya yi wa rauni, ko ba ya iya fita, kyanwa ta dace da shi. Ga shi kuma tana korar ɓera. Ɓera yana ɓarnar hatsi, kuma wani irinsa ne ke kawo zazzaɓin Lassa.

Kada a bar tsoho da sa, ko rago mai tunkuyi, ko jaki mai harbi. Kada a bar igiya ta gitta hanyar da yake bi zuwa banɗaki da dare. Aiki mai nauyi, kamar ɗauko ƙunshin harawa ko ɗebo ruwa daga rijiya, na jikoki ne. Tsoho ya ba da umarni, yaro ya ɗauka. Ta haka yaron ma yake koyon kiwo.

Ga maganar tsaro. An buɗe Kara, amma wanda ya taɓa ganin wuta ba ya wasa da toka. Kada a tura tsoho kiwo ko yankan ciyawa cikin daji. A yi kiwon turke a cikin gida. A tanadi harawa da kowar wake da karmami tun da kaka. Dabbobi kaɗan a cikin gida ba sa jan idon ɓarawo kamar garke.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Dabba tana da amfani, amma tana iya ɗauke da cuta. Jikin tsoho kuwa ba ya jure cuta kamar na saurayi. A kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A tafasa nono kafin a sha. Ɗanyen nono yana iya ɗauke da tarin fuka, da wani zazzaɓi mai naci da ke sa ciwon gaɓoɓi.

2. In akuya ko tunkiya ta yi ɓari, kada a taɓa abin da ya fito da hannu tsirara. A sa leda a hannu, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

3. Kada a kwana ɗaki ɗaya da dabbobi. In ana tsoron ɓarawo, a yi musu rumfa a jikin ɗaki, inda za a ji motsinsu.

4. A share turke da akurki kullum. A yayyafa ruwa kafin shara domin ƙura. Mai tari ko asma ya bar wa wani sharar ɗakin kaji da na tantabaru.

5. A wanke hannu da sabulu bayan an gama da dabbobi, kafin a ci abinci.

6. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a sayar da namanta. In kaji suka fara mutuwa da yawa, a sanar da ma'aikacin dabbobi. A tuna cewa a 2006 an sami murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji, a cikin jihar nan.

7. A yi wa kare allurar rigakafin hauka kowace shekara. In kare ko kyanwa ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a jira a ga abin da zai faru. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira.

8. A yi wa dabbobi rigakafi. Akwai allurar ciwon nan mai sa awaki da tumaki zawo da majina, wanda likitoci ke kira PPR. Allura 1 tana kare dabba har shekara 3. Akwai kuma maganin rigakafin annobar kaji mai zuwa da hunturu, wanda ake ɗigawa a ido. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin waɗannan magunguna. A tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga zuciyar tsoho. Wanda ya riga ya rasa dabbobinsa sau ɗaya, in aka ba shi wasu suka mutu a hannunsa, baƙin cikin zai ninka. Saboda haka wanda ya saya wa uwarsa akuya, ya haɗa mata da rigakafi da maganin tsutsar ciki. Sabuwar dabba daga kasuwa kuma a ware ta kamar mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

INA ZA A SAMI DABBAR?

Wani zai ce, duk an ji, amma ina kuɗin? Gaskiya ne, mutane da yawa sun dawo ba su da komai. Amma da babu gara ba daɗi. Kaza 1 mai kwanci mafari ce. Tantabaru 2, mace da namiji, mafari ne.

Akwai kuma hanyar da aka gada, wato ba da kiwo. Mai hali ya ba da akuya a riƙe masa, in ta haihu a raba 'ya'yan yadda aka yi alkawari. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ba shi da lokacin kiwo, ga tsofaffi nan da suka fi kowa sanin aikin. Ya amfana, su amfana.

Fulanin Nijar suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. In mutum ya rasa dabbobinsa, sai ɗan'uwansa ya ba shi aron saniya. Ta haihu a hannunsa, ya riƙe abin da ta haifa, ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ɗauki wannan dabara suna yi da awaki. Ƙungiyoyin mata da na manoma a nan ma za su iya. A yi adashe a sayi akuya 5, a ba tsofaffi 5 da suka fi bukata. In sun haihu an yaye, a miƙa iyayen ga wasu 5. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

JAN KUNNE GA 'YA'YA

Akwai wani hali da ya kamata a bari. In an ba tsoho dabba, ta zama tasa. Kada ɗa ya wayi gari ya kwance akuyar uwarsa ya kai kasuwa domin ya matsu, ya ce ai shi ya saya. Kada a yanka kazar kaka a yi wa baƙo miya ba a tambaye ta ba. Wanda ɓarayi suka taɓa kore wa dabbobi, in ɗan cikinsa ya maimaita masa, wannan ya fi na farko ciwo. In bukata ta taso, a durƙusa a roƙa. Sau da yawa da kanta za ta ce a kama a sayar, kuma ta ji daɗi domin ita ta fitar da gidan daga kunya.

Haka kuma, kada a ce tunda an saya wa Baba tunkiya an gama da shi. Tunkiya ba ta kai mutum asibiti, ba ta gaishe shi da safe. Haƙƙin iyaye yana nan a wuyan 'ya'ya. A riƙa shiga ana gaishe su. In an rasa abin hira, a tambaye su lafiyar dabbobin. Za a sha labari.

Ga tsofaffin da ke wurin nan kuma, iyaye, kada ku ce an gama da ku. Sanin da kuke da shi na kiwo ba ya cikin littafi. Ku kuka san akuyar da za ta yi nono tun tana ƙarama. Ku kuka san ciyawar da ke kumbura ciki. Yaran da suka tashi a gudun hijira ba su san wannan ba, kuma in ba ku koya musu ba, ba mai koya musu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Jama'a, in an koma gida yau, kowa ya leƙa ɗakin tsohonsa. Ya duba, me yake tashi ya yi da safe? In amsar ita ce babu, to ranar kasuwa mai zuwa a san abin yi. Ko kaza ce a kamo, a kai masa, a ce, "Baba, a taimaka a duba mana wannan."

Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa. Allah ya ƙara wa iyaye lafiya, ya sa albarka a turke da akurki. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.